Jan Ruwan Inabi da Zoɓo: Nazarin Gadon Sarrafa Abin Sha Daga Bodo Zuwa Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Kalmomin "inabi" da "zabibi" aro ne daga Larabci, abin da ke nuna cewa Bahaushe ya san wannan ɗan itace ta hanyar karatu da fatauci tun kafin ya noma shi. Jan abin shan da ya gada daga gonarsa kuwa shi ne zoɓo. Wannan maƙala ta kwatanta yadda ake sarrafa abubuwan shan biyu, domin fito da abin da ya kamata manazarta su taskace a ƙasar Gaya da Ajingi.

Yadda Ake Sarrafa Jan Ruwan Inabi

Shaidar da ta fi daɗewa ta tsima inabi an same ta a ƙasar Jojiya, kimanin shekara 6000 kafin Miladiyya. A yankin Bodo na Faransa, akan gauraya irin inabi fiye da ɗaya. Cabernet Sauvignon yana da kaurin ɓawo da bauri, Merlot kuma yana da taushi, yana saurin nuna. Akan ƙara Cabernet Franc domin ƙamshi. Hikimar gaurayawar ta manomi ce: idan yanayi ya ɓata iri ɗaya, ɗayan ya cike gurbi.

Jan launin daga ɓawo yake fitowa, shi ya sa ake barin ruwan tare da ɓawon yayin da yis ke mayar da sukari barasa. Baurin kuwa daga sinadarin tanin ne, dangin wanda ke cikin bagaruwar majema. Daga nan sai a zuba a gangar katako mai cin lita 225, ya shekara ɗaya zuwa biyu, baurin ya lafa. A 1855 aka jera manyan gonakin yankin daraja-daraja, a 1935 kuma doka ta tsare sunan kowane yanki, ta yadda ba mai sayar da kaya da sunan wurin da bai noma a cikinsa ba.

Zoɓo a Gabashin Kano

Gaya da Ajingi suna iyaka da Jihar Jigawa, wadda ta yi fice a noman zoɓo. Manomi yakan shuka yakuwa a gyaffan gona ko tsakanin gero da dawa, domin tana jure ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa. Kowane sashe nata yana da suna. Ganyen shi ne yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure. Kwanson da ke rufe 'ya'yan shi ne zoɓorodo, ƙwayar kuma gurguzu, wanda ake dafawa a tsima a yi daddawar batso. J. M. Dalziel ya tattara waɗannan sunaye a ƙamusunsa na tsirrai na 1916.

Sinadarin da ke rina zoɓo ja, wato antosayanin, dangin wanda ke cikin ɓawon inabi ne. Haka nan zoɓo ma haɗi ne: mai sarrafawa tana auna citta da kanumfari da sukari gwargwadon tsamin kwanson, kuma ta san bambancin mai duhu da mai haske.

Inda Hanyoyin Suka Rabu

Bafaranshe yana neman tsimuwa, Bahaushe Musulmi yana gudunta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta bayyana haramcin duk abin da ke bugarwa, ta kuma kawo hani a kan jiƙa iri biyu tare, wanda malamai ke misaltawa da dabino da zabibi, saboda saurin tsimuwarsu. Don haka ake shan zoɓo sabo, kafin ya kwana ya juya. Tsimin hatsi domin giya ya rage ne a al'adar Maguzawa, su ma da dawa suke yi. Wannan ya nuna cewa fassara kowane abin sha na Turai da "giya" kawai tana ɓoye bambancin da ke tsakanin na hatsi da na inabi.

Kammalawa

Ana fitar da busasshen zoɓon Arewa zuwa ƙasashe irin su Meziko cikin buhuna, ba tare da sunan garin da ya noma shi ba. Inabin Bodo ya yi daraja ne saboda an rubuta irinsa da ƙasarsa da hanyar sarrafa shi. Ilimin zoɓo kuwa yana bakin tsofaffin mata da manoma. Akwai buƙatar ɗaliban Hausa su shiga ƙauyukan Gaya da Ajingi su naɗi sunayen iri, da kalmomin ɓara da shanya da tsimi, tun masu riƙe da su suna raye.