Bizar masu aiki daga nesa, idan aka dube ta daga bakin iyakar Bagudo

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta dakatar da jirage, otal-otal suka koma kufai, wasu ƙasashen da ke ci daga aljihun baƙi suka ɓullo da wata sabuwar biza. Tsibirin Babados ya buɗe tasa a tsakiyar shekarar, Istoniya ta biyo baya a watan Agusta, sai Dubai da tsibirin Morishus kafin shekarar ta ƙare. Sharaɗin kusan ɗaya ne ko'ina: ka zo ka zauna shekara guda, ka kama haya, ka ci ka sha, amma aikin da kake yi ta intanet ya zama na wata ƙasa ne, albashinka kuma daga can yake shigowa. Ba a yarda ka nemi aiki a hannun masu masaukinka ba. A daidai wannan lokaci, mutumin Lolo ko Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ba shi da halin tsallaka da kayansa zuwa kasuwar Malanbil ko Sagbana a Benin ta hanyar da doka ta sani, domin gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa tun Agustan 2019.

Abin da ya haifar da bizar ba ɓoyayye ba ne. Ɗan yawon buɗe ido mako ɗaya yake yi ya kama gabansa, wanda kuwa ya zauna wata goma sha biyu zai biya mai gida, ya biya mai abinci da mai mota da mai wanki, ba tare da ya ƙwace wa ɗan ƙasa gurbin aiki ba. Kamfanonin Turai da Amurka ma sun gano a lokacin kulle cewa aiki yana tafiya ko da ofis a rufe yake. Sannan da ma irin waɗannan mutane suna nan, suna shiga da bizar yawon buɗe ido suna aikinsu a ɓoye, sai hukumomi suka ga gara a rubuta sunayensu a san da zamansu. Daga nan abin ya bazu. Fotugal ta fito da tata a Oktoban 2022, Sifaniya a 2023, Japan a 2024. A Afirka akwai Namibiya tun 2022 da Afirka ta Kudu a 2024, shugaba William Ruto kuma ya sanar da ta Kenya a Oktoban 2024.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin kuɗi. Babados tana son ka nuna kana samun dala 50,000 a shekara, ka kuma biya dala 2,000 kuɗin bizar. Istoniya tana neman yuro 4,500 a wata. Namibiya dala 2,000, Morishus dala 1,500. Fotugal ta ɗaure nata da ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasarta. Wannan biza ba ruwanta da abin da ka iya, nawa ke shiga asusunka kawai take tambaya.

Yanzu a ɗauki matashi ɗan Ka'oje ko Illo da ya gama karatu a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya koyi zanen kwamfuta ko rubuta manhaja, ko yana fassarar Hausa ga wani kamfani na waje. A ce Allah ya buɗa masa yana samun dala 500 a wata. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura naira 1,500 a shekarar da ta biyo, a wannan farashi kuɗin ya kai wajen naira 750,000, fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A garinsu babban mutum ne, shi ake kira idan za a sayi taki ko a biya kuɗin asibiti. Amma a gaban jami'in bizar Morishus kashi ɗaya cikin uku kawai ya kawo, a gaban na Namibiya kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ga shi kuɗin nasa ba albashi ba ne mai faɗowa ƙarshen kowane wata da takardar kwantiragi a bayansa: wannan watan a samu da yawa, na gaba a yi shiru. Don haka duk wanda ke tallata wa matasanmu wannan biza a matsayin sabuwar hanyar fita, ya kamata ya fara gaya musu farashinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ƙasar Bagudo ta san wannan ciniki tun kafin a san fasfo. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna tsallake Kwara a wajejen Illo, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. Garuruwan da ke kan hanya suna marmarin saukarsu, domin baƙo ne da dukiyarsa ta fito daga wani wuri amma a nan zai kashe ta: zai biya fito, ya kai gaisuwa fada, ya sayi hatsi da ciyawar jakuna. Sai a ware masa zango, a haɗa shi da fatoma wanda zai tsaya masa, ya yi masa dillanci, ya karɓi la'ada. Lissafin da Babados ta yi a 2020 ke nan. Bambancin shi ne fatoma yana duban amana da wanda ya aiko ka, ofishin jakadanci kuwa takardar banki yake duba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Borgu gida biyu, ta bar dangi ɗaya, masu harshe ɗaya, wasu a ɓangaren Illo wasu a ɓangaren Sagbana. Har gobe ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, naira da sefa suna zama a aljihu ɗaya.

Wannan tarihi ya bar wa ɗan Bagudo wata dama da Baturen da ke cike fom a Landan ba shi da ita. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga Benin ba biza, ya zauna kwana 90, kuma babu wanda zai tambaye shi nawa yake samu. Benin ma, a zamanin shugaba Patrice Talon, ta cire wa 'yan Afirka baki ɗaya biza. Wanda ya ɗauki kwamfutarsa ya sauka a Faraku ko Kwatano zai riƙe kuɗinsa a sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta wayar gari ta zube kamar yadda naira ta yi. Sai dai damar tana da gejinta. Bayan kwana 90 ana bukatar katin zama, kuma da yawa ba sa nema, sun fi ganewa su fita su sake shigowa, ko su zauna haka nan su dogara da sanayya. Irin wannan zama lafiya lau yake tafiya har ranar da siyasa ta juya. Hausawan Gana sun ɗanɗana a 1969 da aka kori baƙi marasa takarda, Najeriya ma ta yi wa wasu haka a 1983. Rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, sun isa tunatarwa cewa hanyar da take a buɗe yau ba alkawari ba ce.

Ƙasashen da suka karɓi waɗannan baƙi sun samu kuɗin da suke nema, sun kuma samu abin da ba su nema ba. A Lizbon da Kef Tawun 'yan gari suna kukan haya ta fi ƙarfinsu, domin mai gida ya gane cewa baƙo mai albashin dala zai biya abin da malamin makaranta ba zai iya ba. A birnin Meziko an fito zanga-zanga kan haka a Yulin 2025. Ba baƙin kaɗai ne sanadi ba, ƙarancin gidaje ya riga su zuwa, amma sun ƙara wa wutar fetur.

Mu a nan damuwarmu ta wata fuska ce. Ci-ranin da muka sani, mutum yana tafiya inda aiki yake, ya aiko da kuɗi gida. Mai aiki ta intanet kuwa aikin ne ke zuwa ya same shi, kuma duk inda ya zauna nan kuɗin ke zuba. Idan ɗan Bagudo ya koma Kwatano, ko ma Abuja, to mai shayi da tela da mai kabu-kabu da bakanike na can ne za su ci arzikinsa, na gida sai abin da ya tuna ya turo. Kuma ba son yawo ke tayar da shi ba. Mutum ne da ke da taro ta bidiyo ƙarfe uku na rana, wuta ta ɗauke tun safe, batirin sola ya yi ƙasa, ya fita bayan gida yana ɗaga waya sama yana neman sabis, wani lokacin ma layin Benin ne wayar za ta kama. Ya tuna Nuwamban 2019 da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, janareta ya zama kayan ado. Ya ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina a 2021 saboda 'yan bindiga. Manomi zai iya jure mako biyu ba waya, amma wanda ke aiki da kamfanin waje, kwana uku ya yi shiru an ba wani aikinsa. Ga Lakurawa a arewacin Kebbi, ga hare-haren masu ɗauke da makamai a dajin W da ke yankin Alibori, tsallaken iyaka kaɗan.

Shi ya sa nake ganin ɓata lokaci ne a yi mafarkin jawo Turawa masu kwamfuta su zo su zauna bakin Kwara. Baƙon da ya kamata Kebbi ta yi zawarci ɗanta ne, kuma abin da yake bukata bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba: ɗaki mai sola da intanet mai ƙarfi a Bagudo da Ka'oje, tunda Starlink ta shigo Najeriya tun Janairun 2023 kuma ba ta jiran a ja waya, sai alkawarin cewa idan tsaro ya taɓarɓare ba katse layi za a fara yi ba. Akwai kuma batun haraji. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, tana bin mazaunin Najeriya haraji a kan abin da ya samu ko daga wace ƙasa ya fito, kuma harajin ɗaiɗaikun mutane asusun jihar da suke zaune yake shiga. Duk matashin da rashin wuta ya kora zuwa Kwatano, da kason Kebbi ya tafi.