Zaɓen Magani Ga Mai Cutar Rigar Jijiya

Daga cikin cututtukan da ke kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, galibi tsakanin shekara 20 da 40, akwai wadda likitoci ke kira maltiful sikilirosis, ko MS a taƙaice, wadda asalinta shi ne garkuwar jiki, da aka halitta domin ta tsare ɗan Adam daga ƙwayoyin cuta, ta juyo ta riƙa cin wata siririyar riga ta kitse da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da na gani, har saƙon da ke bi ta cikinsu ya yi jinkiri ko ya yanke. Sai a ga ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta yi nauyi, ko tafiya ta koma tangaɗi, sa'an nan bayan 'yan makonni abin ya lafa, ya bar mai shi yana zaton ya rabu da shi, alhali kuwa yana nan tafe. Wani likitan Faransa, Sharko, shi ya fara bayyana siffarta filla-filla a birnin Faris a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum wajen miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza.

An shafe fiye da shekara ɗari bayan Sharko ba a sami abin da ke rage mata gudu ba, sai a 1993 da Amurka ta halatta allurar intafiron. Yau magungunan sun haura goma sha biyar, kuma wannan yalwa, duk da cewa ni'ima ce, ita ta haifar da mas'alar da muke magana a kai. Babu ɗaya cikinsu da ke warkarwa, ko ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Aikinsu shi ne rage yawan tashin cutar da hana sababbin tabbai fitowa a ƙwaƙwalwa. Kada a haɗa su da sitiroyid ɗin da ake bayarwa kwana uku zuwa biyar idan ciwon ya tashi, domin shi gaggauta lafawa kawai yake yi.

Kafin a kai ga zaɓe, wajibi ne a tabbatar da cutar ta hanyar hoton MRI, wani lokaci har da awon ruwan laka, kuma wannan sharaɗi ya fi nauyi a kanmu mutanen Afirka, saboda akwai wata cuta mai kama da ita ƙwarai, wadda ake kira NMO, mai kama jijiyar gani da laka, wadda ta fi yawa cikin baƙar fata da mutanen Asiya, kuma an tabbatar cewa magungunan MS irin su intafiron da natalizumab da fingolimod suna iya tsananta ta. Awon jini guda, na neman wani sinadari mai yaƙar akwaforin-4, shi ke taimakawa wajen rarrabe su.

Idan cutar ta tabbata, magungunan sun kasu bisa ƙarfinsu, kuma galibi gwargwadon ƙarfin magani gwargwadon tsaron da yake bukata. Tsofaffin allurai, intafiron da gilatirama, suna rage tashin cutar da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma an daɗe da sanin halinsu: zazzaɓi da ciwon jiki bayan allurar intafiron, kumburi a wurin da aka soka. A 2010 aka sami ƙwaya ta farko, fingolimod, wadda ake zaunar da mutum sa'a shida a asibiti ranar da ya fara shanta, domin tana rage bugun zuciya. Sa'an nan ga masu ƙarfi. Natalizumab, da ake sawa ta ƙarin ruwa kowane mako huɗu, yana rage tashin cutar da kusan kashi biyu cikin uku, amma an janye shi daga kasuwa a 2005 bayan wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa mai suna PML ta bayyana ga wasu masu karɓarsa, aka dawo da shi a 2006 bisa sharuɗɗa, kuma yanzu ana auna jini a ga ko mutum na ɗauke da ƙwayar JC mai haddasa ta, domin haɗarin yana ƙaruwa ga mai ita, musamman bayan shekara biyu yana karɓar maganin. Okrelizumab, wanda aka halatta a 2017, sau ɗaya ake karɓarsa cikin wata shida, kuma shi ne na farko da aka yarda da shi ga nau'in cutar da ke ci gaba tun farko ba tare da lafawa ba.

A nan likitoci suka yi saɓani zuwa mazhaba biyu. Ta farko ta ce a fara da mai sauƙin illa, in ya gaza a hau zuwa na sama. Ta biyu ta ce a fara da mai ƙarfi tun cutar tana ɗanya. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi, amma ƙa'idar ba ta aiki sai an auna duka biyun da adalci, kuma a ganina nan ne majinyata da danginsu suka fi karkata, domin illar magani a rubuce take a takarda, kowa na karantawa ya tsorata, ita kuwa illar cutar ba ta da takarda: kamar gara take cikin azara, tana ci daga ciki rufin yana tsaye, domin tabbai da yawa suna fitowa a hoton ƙwaƙwalwa ba tare da mutum ya ji komai ba. Jiran magani ya gaza, ma'anarsa jiran wata jijiya ta lalace. Saboda haka ni na fi rinjayar da ra'ayi na biyu ga matashin da cutarsa ke tashi a kai a kai, ko hotonsa ya nuna tabbai masu yawa, ko ta taɓa laka, kuma likitoci da dama sun koma ga wannan a 'yan shekarun nan. Wanda tasa ta yi sanyi kuwa, ko shekarunsa suka ja, to, mizaninsa daban ne.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanta da kowane mutum. Okrelizumab da ɗan'uwansa rituksimab suna iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, kuma tun da wannan ciwo ya yawaita a Afirka ta Yamma, bai halatta a fara su ba sai an auna. Macen da ke fatan haihuwa ta faɗa wa likita tun a zaman farko, ba tare da kunya ba, domin wani maganin mai suna terifulunomaid haramun ne ga mai juna biyu kuma yana iya zama a jiki har shekara biyu in ba a wanke shi da wani magani ba, alhali gilatirama an daɗe ana ba masu ciki; kuma an san cewa cutar takan lafa a watannin ƙarshe na ciki, ta yi yunƙurin tashi cikin wata uku na bayan haihuwa.

Sai batun kuɗi, wanda a ƙasashenmu shi ke yanke hukunci sau da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da uku cikin jerin magungunanta na wajibi, wato gilatirama da kiladiribin da rituksimab, kuma na ƙarshen, wanda likitocin Suwidin suka daɗe suna amfani da shi ga wannan cuta, ya fi sauƙin samu tun da asibitocin da ke jinyar ciwon daji sun san shi. Lalle ne iyali su yi lissafin shekaru, ba na wata ɗaya ba, kafin su amsa, domin natalizumab da fingolimod, idan aka yanke su farat ɗaya saboda aljihu ya ƙare ko kaya bai iso ba, cutar tana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da cikin 'yan watanni, kuma duk mai niyyar barinsu sai likitan jijiyoyi ya shirya masa wanda zai maye gurbinsu tun kafin ya daina.