Gilashin Kyamara Mai Jawo Nesa Kusa: Don Me Ake Kiransa "Mai Sauri"?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa, ƙofar fadar Sarkin Daura, ranar hawan Sallar Gani, ya ga yadda mahaya kan sako dawaki a sukwane su zo su yi jahi. Mai ɗaukar hoto ba shi da halin matsawa kusa: ga cincirindon jama'a, ga dogarai, ga kuma kofaton doki. Shi ya sa yakan ɗaura wa kyamararsa dogon gilashi, wato telefoto, wanda ke jawo abin da yake nesa har ya cika hoto.

To, amma jawowar kaɗai ba ta wadatar ba. Dokin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa guda. Idan ya gilma alhali marufin kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, kafin marufin ya rufe doki ya gota da santimita 4 da ɗoriya, sai hoto ya fito dishi-dishi. In kuwa kashi ɗaya cikin 1000 ne, gotawar ba ta wuce kimanin santimita 1 ba.

Sai dai gajeren lokaci ba ya barin haske mai yawa ya shiga, balle idan yamma ta yi, ƙura kuma ta turnuƙe. Maganin wannan shi ne faɗaɗa kafar da haske ke bi. Lambar da ake rubutawa a jikin gilashi, kamar f/2.8, ana samunta ne idan aka raba nisan da gilashin ke tattara haske da faɗin kafarsa. Gilashi mai nisan milimita 200 a f/2.8 kafarsa ta kai milimita 71, amma a f/5.6 milimita 36 ce. Faɗi ya ninka sau biyu, filin da'ira ya ninka sau huɗu, haske ma haka (malaman lissafi, ga misali a ɓagas). Hasken nan ne ke ba marufi damar ƙiftawa a kashi ɗaya cikin 1000 maimakon 250. Ashe saurin na marufi ne, gilashi ya ci suna.

Faffaɗar kafa tana kuma dusashe abin da ke bayan mahayi, sai rawaninsa da adon dokinsa su fito rangaɗau. A nan ne kuma sabon hannu kan yi ɓari: ya saita hancin doki, fuskar mahayi ta dushe. Ga tsada, ga nauyi, domin irin wannan gilashi yakan kai kilo ɗaya da rabi, wanda ya wuni riƙe da shi kuwa kafaɗarsa za ta gaya masa.