Gwanin Darar Turawa Da Ya Tafa Wa Wanda Ya Ka Da Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin bishiya a Zango ko Daura ya san irin mutumin nan da in ya ga za a cinye shi, sai ya share gurabun da ƙafa, ya ce iska ce. Boris Spassky na ƙasar Rasha, gwanin darar Turawa da ake kira ces, mai gida 64, ba irinsu ba ne.

An haife shi a Leningrad cikin 1937. Yana ɗan yaro yaƙin Hitila ya sa aka kwashe shi daga birnin tare da sauran yara, a lokacin ne kuma ya koyi wasan. Yana da shekara 18 ya shiga sahun manyan gwanaye, a 1969 kuwa ya ka da Tigran Petrosian ya zama zakaran duniya.

To, inda labarin yake shi ne 1972, a Reykjavik, babban birnin Iceland, inda ya kara da Bobby Fischer na Amurka. Fischer ya sha kaye a wasan farko, na biyu kuma ya ƙi zuwa sam, wai na'urorin ɗaukar hoto sun dame shi. Da Spassky ya tattara kayansa ya koma gida a ranar, ba mai cewa ya yi laifi, rawaninsa kuma yana kansa. Amma sai ya yarda aka buga na uku a wani ƙaramin ɗaki, ba 'yan kallo, kamar yadda abokin karawar ya nema. Nan Fischer ya cinye shi, abin da bai taɓa yi ba. Da aka zo wasa na shida, Fischer ya yi irin gwanintar da Spassky kansa ya bi 'yan kallo yana tafa masa. Sarautar ta tafi, hukumomin ƙasarsa kuma suka juya masa baya, har ya ƙaura Faransa a 1976.

A ganinmu ya yi sassauci fiye da kima, amma ai haka ƙaunar abokin gaba take, da tsada.

A 2004 aka tsare Fischer a Japan, Amurka tana nemansa saboda wasan da suka sake yi a Yugoslavia cikin 1992 duk da takunkumi. Spassky ya rubuta wa Shugaba Bush yana roƙon a yi masa afuwa, in kuwa ba za a yi ba, a kulle su ɗaki ɗaya a ba su allon wasa. Ya rasu a Mosko ran 27 ga Fabrairu, 2025, yana da shekara 88.