Da Jaka a Baya Zuwa Ƙasashen Maƙwabta: Darasi Daga Fataken Kura

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da su: samari da 'yan mata daga Turai ko Amurka, kowa da ƙatuwar jaka a baya, yau suna wannan ƙasa, jibi suna waccan. Ba sa sauka a manyan otal. Suna kwana a masaukin matasa, inda mutum shida ko takwas ke raba ɗaki ɗaya mai gadaje hawa biyu, su yi girki a madafa ɗaya, su yi hira da baƙin da ba su taɓa gani ba. Da yawa daga cikinmu, mu da muka tashi a Kura da Bunkure, mukan ɗauka wannan harka ce ta 'ya'yan masu kuɗi. Tarihin garuruwanmu ya nuna ba haka abin yake ba.

Shi kansa masaukin matasa malamin makaranta ne ya ƙirƙiro shi. A shekarar 1909 wani malami a Jamus mai suna Richard Schirrmann yana yawan fita da ɗalibansa yawon buɗe ido a ƙafa, sai ya ga suna bukatar wurin kwana mai araha. Ya fara da ajujuwan makaranta lokacin hutu, kuma a 1912 aka buɗe masauki na dindindin a wani tsohon gidan sarauta a garin Altena. Manufarsa ita ce ɗan talaka ma ya ga duniya.

Tun kafin wannan lokaci Hausawa suna da nasu tsarin. Kura ta yi suna wajen rini da bugu, har baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa ake kiransa ɗan Kura. Fatake kan ɗauke shi su yi arewa da shi har Agadas. Wasu ayarin kuma kan nufi Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su sayo goro. Madugu ne ke jagorantar ayari, inda aka yada zango kuwa akwai fatoma, wato mai masaukin baƙi. Shi zai ba ka ɗaki, ya adana maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka idan rigima ta taso. A zaurensa Bakano kan ci tuwo akushi ɗaya da Badamagare da Babarbare, kowa ya ji labarin garin ɗan'uwansa. Unguwannin zango da ke Kumasi da Akara daga irin wannan zirga-zirga suka samo asali, kuma har gobe Hausa ake yi a cikinsu.

Wannan babban jari ne gare mu. Baturen da ya shiga Maraɗi sai ya nemi tafinta, mu kuwa da harshenmu za mu yi ciniki, mu tambayi hanya, mu yi abokai. Daga Kano, mota kan bi ta Katsina da Jibiya ta shiga Maraɗi, ko ta bi ta Daura da Kwangwalam ta isa Damagaram, inda fadar Sarkin Damagaram da tsohuwar unguwar Birni suke, da gidajen ƙasa masu ado irin na cikin birnin Kano. Can gaba kuma akwai Agadas, mai masallacin ƙasa da doguwar hasumiya, wadda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Sai dai fatake ba sa fita da ka, mu ma bai kamata mu fita da ka ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, wadda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa, da kuma katin rigakafin cutar shawara. Kuɗi ma sai an canza, domin sefa ake kashewa a Nijar da Binin da Togo, a Gana kuma sidi.

Siyasa ma tana taɓa matafiyi. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Saboda haka duk mai niyyar tafiya sai ya binciki halin da iyaka take ciki da lafiyar hanya kafin ya ɗaura jaka, ya kuma guji tafiyar dare.

Akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. Hanyar Agadas da ɗan Kura ya bi a da, ita ce masu safarar mutane ke bi da matasa zuwa Libiya, da alƙawarin aiki ko tsallakawa Turai. Da yawa sun mutu da ƙishirwa a Sahara, wasu sun ƙare a hannun masu neman kuɗin fansa. Bambancin a fili yake. Mai yawon buɗe ido ya san ranar dawowarsa, kuɗin motar komawa na aljihunsa, takardunsa na hannunsa, iyayensa sun san inda zai kwana. Duk wanda ya ce ka ba shi fasfonka ya riƙe maka, ko ya ce kada ka faɗa wa mutanen gida, ba fatoma ba ne, ka yi nesa da shi.

Ku ƙannenmu da ke sakandare, tsallaka iyaka sai nan gaba, tare da manya da yardar iyaye. Amma koyon tafiya daga gida yake farawa. Mu nawa ne muka taɓa bin sawun ruwan da ke shayar da shinkafarmu da alkamarmu har zuwa madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako? Mu nawa muka tsaya a kasuwar Kwanar Gafan lokacin tumatir muka yi hira da direbobi da 'yan kasuwar da ke zuwa daga kudu? Ku roƙi malaminku na tarihi ko na labarin ƙasa ya shirya muku ziyara zuwa Tiga, ko Dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Ku yi adashi daga kuɗin tara ko ladan tsinkar tumatir, ku rubuta abin da za ku kashe na mota da abinci, kowa ya riƙe ɗan littafin da zai rubuta abin da ya gani.

Idan kuma ɗan ci-rani ya sauka a unguwarku wannan rani, ku gaishe shi, ku ba shi ruwa, ku tambaye shi labarin garinsu. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma wanda ya iya karɓar baƙo ba zai rasa masauki ba ranar da shi ma ya zama baƙo.