Canza Salansar Mota Mai Turbo: Yaushe Ya Zama Dole a Sake Saita Kwamfutar Inji?

Bidiyon motoci masu rugugi sun cika TikTok da YouTube, kuma matasa da yawa a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi na sha'awar jin irin wannan ƙara a motocinsu. Masu walda suna nan, cikin ɗan lokaci za su yanke salansa su jona wata. A tsohuwar mota marar turbo, abin bai cika zuwa da matsala ba. Amma tokumbo masu turbo sun fara yawa: Passat mai injin 1.8T, Golf TDI, Peugeot 406 HDi, Hilux mai shan gas, da Honda Accord ta 2018 mai injin lita 1.5. A irin waɗannan ne tambayar ke tasowa: idan an canza salansa, sai an sake saita kwamfutar inji?

Amsar ta dogara ne da wurin da aka yanka.

Yadda hayaƙi ke tafiya

Turbo na aiki ne da hayaƙin inji. Hayaƙin kan juya wata ƙaramar fanka, wadda kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, ita kuma ta tura iska da ƙarfi cikin inji. Daga turbo hayaƙin ya bi bututun farko, ya ratsa matatar hayaƙi wadda kanikawa ke kira indomi, sannan ya wuce tukunyar salansa ta baya ya fita.

Akwai sensa biyu masu auna iskar oksijin, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta. Ta gaba ce ke gaya wa kwamfutar inji, wato birenbos, yawan man da za ta zuba, domin a injin fetur ana neman kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Ta baya kuwa babban aikinta lura da lafiyar indomi.

Idan bayan indomi aka canza

A nan babu buƙatar sake saiti. Tukunyar baya da bututun da ke kaiwa gare ta suna bayan sensa duka biyu, don haka lissafin birenbos bai canza ba. Mota za ta samu sabuwar murya, amma ƙarin gudun da za a gani kaɗan ne ƙwarai. Abin lura kawai shi ne waldar ta kama sosai, domin hayaƙin da ke yoyo a ƙarƙashin mota yana iya shiga ciki, kuma yana ɗauke da guba marar wari mai kisa.

Idan bututun farko ko indomi aka taɓa

Nan ne gizo ke saƙa. Da zarar an faɗaɗa bututun farko ko an fasa indomi, hayaƙi zai riƙa ficewa ba tare da turjiya ba, turbo ya riƙa ɗaukar gudu da wuri. Akwai wata ƙaramar ƙofa a jikin turbo da ke sakin rarar hayaƙi don kada matsin iska ya wuce ƙima, amma an auna girmanta ne da salansar kamfani. A wasu motocin takan kasa, matsin ya yi ta hawa. Idan birenbos ta gane haka, sai ta kunna fitilar gargaɗi ta rage wa motar ƙarfi. Idan kuma iska ta fi mai yawa lokacin da aka take totur, zafi ya ƙaru a cikin silinda, inji ya fara ƙwanƙwasa, har fistin na iya lalacewa.

Saboda haka wanda ya taɓa wannan ɓangare yana buƙatar ƙwararre ya sake saita birenbos ta dace da sabon bututun. Zafin watan Afrilu a arewacin Zamfara, da kan haura digiri 40, yana ƙara wa haɗarin ƙarfi, domin iska mai zafi ta fi saurin jawo ƙwanƙwasar inji. Kuma hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi ba wurin da direba zai so mota ta mace masa ba ne, balle da yamma.

Wani abin dubawa shi ne, ba kowa ne ya cire indomi da gangan ba. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake cire ta a sayar, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai saye. Idan wajen cirewar aka lalata sensa ta gaba, mota kan koma shan mai fiye da da, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Waya za ta iya faɗin gaskiya

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana jona masa ƙaramar na'ura mai suna ELM327, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci:

- P0420: indomi ba ta aiki yadda ya kamata, ko babu ita gaba ɗaya.
- P0234: matsin iskar turbo ya wuce ƙima.
- P0171: iska ta yi wa mai yawa.

Ta farko kaɗai ba ta nufin inji na cikin haɗari nan take. Ta biyu da ta uku kuwa, idan suka bayyana bayan aikin salansa, ya kamata a daina take mota har sai ƙwararre ya duba. Goge lambar da waya ba gyara ba ne, za ta dawo.

Hattara da saitin intanet

Akwai masu sayar da fayil ɗin saiti ta WhatsApp da Facebook. Da yawa daga irin waɗannan an tsara su ne don fetur mai lamba 98 da sanyin Turai, alhali man gidajen mai na Kaura da Gusau bai kai wannan ƙarfin ba. Loda irinsa na iya kashe inji, ko ma birenbos ɗin kanta. Saiti nagari shi ne wanda aka yi wa motar da kanta, da man da take sha, aka kuma gwada ta a kan hanya ana karanta alƙaluma.

Mai son murya kawai, ya tsaya a tukunyar baya, ya bar indomi da sensa a inda kamfani ya sa su. Mai son ƙarin ƙarfi kuwa, ya haɗa kuɗin saiti da na bututu tun kafin mai walda ya kunna wuta.