Likitan Iyali: Darasin da Annobar Korona Ta Bar Mana

Yau ba zancen taki ko irin shuka za mu yi ba, zancen lafiyar mai riƙe da fartanya za mu yi, gama gona ba ta nome kanta.

A unguwarmu ta Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, akwai wani dattijo mai noman gero da wake a bayan gari. Ya daɗe yana fama da hawan jini da ciwon sukari. A bazarar 1441 ta Hijira, watau shekarar 2020, maganinsa ya ƙare, zazzaɓi da tari kuma suka kama shi. 'Ya'yansa suka kai shi wani asibiti, aka ce ba a karɓar mai tari. Suka kai shi wani, suka tarar an rufe. Sai a kwana na uku suka sami wani likita da ya zaunar da shi a inuwa, nesa da sauran marasa lafiya, ya sa takunkumi, ya auna jininsa da sukarinsa, ya yi masa gwajin zazzaɓin sauro. Ashe sauro ne da rashin magani suka kusa kai shi kabari. Dattijon nan ya yi noma a daminar shekaran nan.

Kada mu yi saurin ganin laifin waɗanda suka ji tsoro. An fara tabbatar da cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Mutum na fari da aka tabbatar ta kama a Jihar Katsina kuwa likita ne a Daura, kuma ya riga ya rasu kafin Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da sanarwa ran 7 ga Afrilu. A Kano ma, cikin watan Afrilun nan, tsofaffi suka yi ta mutuwa. Daga baya Ministan Lafiya, Dr. Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma wajen rabinsu ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. A lokacin nan asibitoci da yawa sun rage aiki, masu tsofaffin cututtuka suka rasa inda za su nufa.

Abin da ya ceci dattijonmu shi ne irin horon da ake kira aikin likitan iyali. Kun san bambancin malamin gona da masanin da ke zaune a tashar bincike ta Samaru. Masani ya san cutar gyaɗa ciki da waje, amma malamin gona ya san gonar duka, da mai ita, da shanunsa, da bashin da ke kansa. Haka likitan iyali yake. Yana duba jariri da mai ciki da tsoho a ɗaki ɗaya, yana riƙe da tarihin gidan, ya kuma san lokacin da ciwo ya fi ƙarfinsa, sai ya tura gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

Wannan horo ba sabo ba ne. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda cewa lafiya tana farawa ne daga ƙaramin asibitin da ke kusa da gida. A 1979 aka kafa kwalejin ƙasa mai ba likitoci horon ƙwarewa, kuma tun farkon shekarun 1980 aka soma koyar da wannan fanni, galibi a asibitocin mishan, irin su Jankwano na Jos da na Baptis a Ogbomosho. Dalili kuwa, a can ne likita ɗaya yakan yi tiyata da safe, ya karɓi haihuwa da rana, ya duba yara da yamma. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ƙarfafa ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi.

Annoba ta nuna abubuwan da ya wajaba likitan matakin farko ya iya. Na ɗaya, ya ware masu tari tun daga bakin ƙofa maimakon ya kore su. Na biyu, ya bambanta cututtuka masu kama da juna: zazzaɓin sauro ana gane shi da ɗigon jini cikin minti 15 zuwa 20, tarin da ya wuce mako 2 kuwa sai a gwada majina saboda tarin fuka. Na uku, ya yi amfani da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. In ta nuna ƙasa da 90, sai babban asibiti nan take. Na huɗu, kada ya bar awon ciki da rigakafin yara da maganin hawan jini su tsaya, ko da zai ba da maganin wata 2 ko 3 gaba ɗaya, ya riƙa bin sawu ta waya.

Amma fa mu faɗi gaskiya. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma a yawancin ƙauyukanmu ba likita ke zaune a asibiti ba, malaman lafiya ne irin waɗanda ake horarwa a Kankiya da Daura. Saboda haka ƙwarewar likitan iyali ba ta da amfani gare mu sai ya riƙa zagayawa yana koya musu, yana kuma amsa wayarsu in abu ya rikice.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ran 5 ga Mayu, 2023, amma annoba ba ta yi mana ban kwana ba. Amai da gudawa sun yi ɓarna a Arewa a 2021, mashaƙo kuma a 2023.

To, me ƙungiyarmu za ta yi? A taron wata mai zuwa, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su shiga kwamitin lafiya na mazaɓa. Bayan kaka, kowa ya ba da tiya ɗaya ta hatsi, ma'aji ya sayar ya ajiye don kuɗin mota in ciwo ya taso da dare. A sayi ma'aunin hawan jini ɗaya, a roƙi malamin asibiti ya koya wa magatakarda amfani da shi. Kowane gida kuma ya adana katin asibiti kamar yadda yake adana takardar gona, ya riƙe asibiti ɗaya da ya san shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.